Kyandir ɗin Milutin

Wani ya san za a saki bam a kan ginin ma'aikatar nan, ya kwashe manya, ya bar mai gadi a ciki. Ya san kansa, tsinanne!

Milutin ne mai gadin. Shekara ashirin da biyar ko takalminsa ba a gani ba, matarsa Dobrila kuwa ta ƙi yarda ya mutu. A cocinmu nan Belgarad, kyandir ɗin da ake kunna wa mai rai don addu'a a sama ake dasa shi, na mamaci a ƙasa. Ita kullum a sama take dasa nasa.

Da aka ce gobe za a rushe ginin a yi otal, ta zo da magariba ta yi masa kallon ƙarshe, da kyandir a jaka.

"Gwaggo, ba shiga," in ji Zdravko mai tsaron shinge.

"Matsa, ɗan nema! Ina dafa kofi a hawa na huɗu tun uwarka ba ta san ubanka ba."

Ya matsa.

Ciki sai warin jiƙaƙƙen siminti da kashin tattabaru. Ta hau bene tana dafa bango. A hawa na biyu ta ji ƙanshin taba. Irin tasa.

Sai ƙarar makullai. Kacau. Kacau. Wani yana bi ƙofa ƙofa yana jijjigawa.

Ya tsaya a bayanta.

"Dobrila," muryar ta fito ƙasa-ƙasa. "Duk Lahadi in kin dasa kyandir ɗina a sama sai ki mayar da ni bakin aiki. Na gaji."

"Maigida... zo mu tafi gida."

"Ba a barin ƙofa ba kowa. Karɓe ni."

Ƙarfe mai sanyi ya sauka a tafin hannunta na hagu. Yatsunta suka fara naɗewa da kansu.

Ta durƙusa. Ta danne kwalin ashana da gwiwa. Ashanar farko ta karye.

Ta biyu ta mutu.

Sanyin ya kai gwiwar hannu.

Ta uku ta kama. Ta soka kyandir ɗin cikin tarkace. A ƙasa.

"Allah Ya jiƙanka, Milutin. Ka mutu."

Makullan suka faɗi. Shiru.

Da rarrafe ta sauko, Zdravko ya jawo ta waje yana salatinsa na coci.

Yau tana sayar da barkono a kasuwar unguwarmu. Ko a tsakiyar zafi hannun nan ƙanƙara ne. Mai musu ya je ya ce ta ba shi hannun hagu, in ya isa.