Abin da Ke Bayan Goshinsa

Kwana biyu da rasuwar mahaifinta ya yi dariyar.

Falon cike yake da masu ta'aziyya. Auta na zaune a ƙasa ta jingina da ƙafar Umma, idanunta sun kumbura, sai ga shi ya shigo babu sallama. Mai Agogo, mutumin da saura wata biyu a ɗaura musu aure. Bai gaida kowa ba. Ya ɗauke kofin shayin da ke gaban Gwaggo, ya zuba sukari cokali biyar, ya shanye a tsaye. Sannan ya dubi matan da ke share hawaye ya tuntsire da dariya.

"Dama tsohon nan ya isa mutuwa," ya ce. "Auta, tashi mu je, na gaji da koke-koken nan."



Yaya Babba ne ya shaƙo wuyan rigarsa ya fitar da shi. Auta ko motsi ba ta yi ba. Fuskarsa take kallo har aka ja shi waje, tana neman alamar kunya ko ta nadama. Babu. Kamar wanda aka tayar daga kallon talabijin.

Shekara uku ke nan da ta fara shiga shagonsa, ɗan siririn ɗaki tsakanin mai aski da kemis, da fitilar tebur da ƙananan sukurdireba a jere. Agogon Baba ta kai gyara. Tsabar kunya ya kasa haɗa ido da ita, har ya ba ta agogon wani. Yayarsa, wadda Auta ke kira Anti, takan ce ƙanin nan nata in ya yi tuntuɓe da kujera sai ya ba ta haƙuri. Ba ya kiran sunan Auta, sai dai "Sanyin idona", shi ma can ƙasa-ƙasa.

Gidan su Auta ba su so ba. Yaya ya ce ya girme ta da shekara goma sha ɗaya, kuma wa ke gyaran agogo yanzu da kowa ke duba lokaci a waya? Baba kaɗai ya tsaya masa. Ya ce shi hali ya gani, kuma hali yake aurar wa 'yarsa.

Halin ne kuwa ya fara zubewa, a hankali, tun bara. Ya daina guga. Riga ɗaya sai ta kwana shida a jikinsa. Aljihunsa kullum cike da alewa. Ya ce wa wata tsohuwar kwastoma hannunta ya yi muni da yawa, agogo ba zai yi mata kyau ba. Duk Auta ta gani, duk ta nemo masa uzuri: gajiya ce, tunanin biki ne.

Bayan abin da ya faru a falon, mai kemis ya zo gidan. Abokin Yaya ne, sau biyu yana neman Auta tana ƙi. Ya zauna yana jujjuya makullin mota, ya ce wallahi bai so ya faɗa ba, amma ƙwaya ce. Ya ce ya ga irinsu da yawa, kuma sau uku mutumin yana zuwa wurinsa a ɓoye neman abin da ba a sayarwa sai da takardar likita.

Ta yarda. Ta fi son ta yarda, don ƙwaya ana iya bari.

Da kanta ta mayar masa da zobensa. Duk hanya tana shirya abin da za ta ce in ya roƙe ta. Ya karɓa, ya jefa a durowar da yake tara matattun batura, ya tambaye ta ko ta zo da wani abu mai zaƙi.

Wata biyar ba ta bi ta layin shagonsa ba.

Wata safiya tana shagon buga takardu inda take aiki, Anti ta shigo, ta rame kamar ita ce mara lafiyar. Ta ce ƙaninta ya shiga wani kanti ya buɗe biskit ya tsaya yana ci, aka kira 'yan sanda, daga can sai asibiti. An gwada jini, an gwada fitsari, babu ƙwaya ko ta ciwon kai. Likitar ƙwaƙwalwa na son ganin wanda ya san shi sosai a da.

Likitar dattijuwa ce mai magana a nutse. Ta sa Auta ta ba da labarin komai, daga guga har zuwa dariyar. Sannan ta juyo da allon kwamfuta, ta ɗora biro a kan hoton, daidai bayan goshi, inda wasu ramuka baƙaƙe suka buɗe. Ta ce a nan kunya take, a nan tausayi yake, a nan birkin harshe yake. Wurin ne ke motsewa, jijiyoyinsa na mutuwa ɗaya bayan ɗaya. Zai daɗe yana tuna sunaye da ranaku, hannunsa ma zai ci gaba da aiki na ɗan lokaci. Daga baya maganar ce za ta tafi.

"Ba shi ya zaɓi ya zama haka ba, 'yata. Bai ma san ya sauya ba."

"Maganin fa?"

Likitar ta ajiye biron.

"Akwai wanda zai kwantar masa da hankali. Wanda zai dawo miki da shi, babu."

Daga asibitin, kai tsaye ta wuce kemis. Ba ta ɗaga murya ba, ta dai tambayi mai kemis a gaban mutane wace ƙwaya ce aka zo nema har sau uku. Ya hau gyara kwalabe a kan kanta, ya ce shi abin da ya zata ya faɗa. Yaya bai sake shiga wurin ba, amma shi ma bai iya kallon idon ƙanwarsa na tsawon mako guda ba.

Umma ta yi kuka, ta ce ta yafe wa Mai Agogo duniya da lahira. Da Auta ta ce to a mayar da maganar aure, sai tsohuwar ta riƙe hannunta.

"Auta, wa za ki aura? Wanda kike so ba ya nan."

Ba ta ji ba. Ta tafi gidan Anti, ta same shi a bakin gado, ya kwance agogon bango yana mayarwa, karo na huɗu tun safe. Ta durƙusa a gabansa.

"Masoyina... ka gane ni?"

Ya faɗi sunanta, da ranar da ta fara zuwa shagonsa, da launin mayafin da ta yafa. Ta ce ta yi masa laifi, ta yarda da ƙarya a kansa, ya yafe mata. Ta ce in yana so, har yanzu ita tasa ce.

"Kana so mu yi auren?"

"Duk ɗaya," ya ce, idonsa a kan agogon. "Matsa, kin tare haske."

Shekara ɗaya da rabi tana zuwa duk Asabar. Ta yanke masa farce, ta wanke masa riguna, ta ɓoye sukari a saman kabad. Ta ga ranar da sukurdireba ta fara faɗuwa daga yatsunsa. Ta ga maganarsa ta ragu zuwa 'yan kalmomi. Wani lokaci yakan ɗago ya yi mata kallon da har numfashinta ke tsayawa, sai ta gane jakar hannunta yake kallo.

Anti ce ta tare ta a kicin wata rana. Ta ce za a mayar da shi gidan jinya a wani gari mai nisa, ita ma ƙarfinta ya ƙare.

"Kada ki biyo mu, ƙanwata. Da yana cikin hayyacinsa, shi zai fara korar ki. Kin san shi."

Ta san shi. Abin da ya fi ciwo ke nan.

Ta shiga ɗakin. Yana zaune yana fuskantar bango, hannuwansa a cinya. Ta zauna kusa da shi, ta faɗa masa duk abin da ta tara: cewa ba ta taɓa son kowa kamarsa ba, cewa Baba bai yi kuskure ba, cewa yau ce rana ta ƙarshe da za ta zo. Hawayenta na ɗiga a bayan hannunsa, bai janye ba, bai kuma dube su ba.

Ta miƙe. A bakin ƙofa ta tsaya, ta jira.

Ya juyo a hankali. Leɓensa na rawa, yana laluben kalma.

"Rufe," ya ce. "Iska."

Ta rufe masa, a hankali, yadda ba za ta yi ƙara ba.