Goyon Farin Dutse

Ana saura kwana uku Babbar Sallah ta 1961, Zenabu na tuƙa tuwo a tsakar gidansu na unguwar Nima. Rana ta yi ja, ladanin layi yana gyaran murya. Bangon gidan sai ƙyalli yake yi, don jiya aka gama shafa masa farar ƙasa. Sai dutse ya faɗo cikin tukunya.

Ta ɗaga kai za ta zagi 'ya'yan maƙwabta, na biyu ya fasa mata goshi. Duwatsun farare ne, da zafi kamar daga murhu aka tsamo su, kuma daga cikin ɗakinta suke fitowa, inda babu kowa. Kaji suka yi tsit. 'Yarta Sanatu, mai shekara goma sha biyar, ta ajiye kwanon da take wankewa, ta taka a hankali zuwa bango, ta fara kankarar farar ƙasa da farce har jini ya bi yatsunta.

Maigidan, Alidu magini, ya bar alwala ya riƙe yarinyar. Da hannu ɗaya ta ɗaga shi ta maka da durom ɗin ruwa, haƙoransa biyu suka zube.

Alidu ya san dalili, ko da yake bai faɗa ba. Watanni biyu da suka wuce an kwashe shi da wasu magina zuwa wani gandun daji na gwamnati a arewa, su gina wa masu gadi ɗakuna. Ranar hutu wani tsohon mai gadi ya kai su kallon fararen duwatsun da ke bayan rafi. Ruwan sama ya daɗe yana cin su, ya huhhuda su, har suka tsaya tsaye kamar taron mutane a bakin kasuwa. Akwai ɗaya mai siffar mace sunkuye da goyo a baya. Tsohon ya ce a yi sallama kafin a shiga, kada kuma a ɗauki ko tsakuwa.

To, Alidu mutum ne mai kunnen ƙashi, ga son banza. Idon magini ya nuna masa irin dutsen da ake ƙonawa a sami farar ƙasa. Da mutane suka yi gaba, ya zaro guduma ya ɓalle goyon, ya cusa a buhu. A Nima ya ƙona shi a rami, ya zuba ruwa ya tafasa, ya miƙa wa Sanatu tsintsiya ta shafe gida. Har yana cika wa maƙwabta baki cewa bangonsa ya fi na kowa haske.

Kwana biyu Sanatu ba ci ba sha. An ɗaure ta da igiya, ta tsinke. Duk magariba duwatsu su dawo, sun farfasa tukwane, sun kashe ragon layya.

“Baban Sanatu,” in ji Zenabu, goshinta ɗaure da tsumma, “yarinyan nan zai mutu a hannunmu. Je ka unguwar Maamobi ka kira Malam Osumanu.”

Malam Osumanu tsoho ne mutumin Nijar, ba ya gaggawa ko da gobara. Ya iso bayan la'asar, ya zauna a kan buzu daura da yarinyar, ya fara karatu. Sanatu ta sandare, ta gantsare har ƙashin bayanta ya yi ƙara. Da ta buɗe baki, muryar tsohuwa ce ta fito, da tsohuwar Hausa wadda yarinyar Nima ba ta taɓa ji ba.

“Wace ce ke?” Malam ya tambaya.

“Mai goyo. Tambayi wancan ina ɗana.”

Malam ya juya ya dubi Alidu. Alidu ya durƙusa, ya faɗi komai.

“Ya fasa shi, ya ƙona shi, ya shafa shi a bango,” in ji muryar. “Ɗa maimakon ɗa. Da wannan zan tafi.”

Malam ya ce, “Yarinya ba ta ɗaga guduma ba. Ki ji tsoron Allah. In an mayar miki da abinki fa?”

Muryar ta ce a kankare bangon duka, a kai mata kafin a yanka layya. Alidu ya yi wuf ya ce ya yarda. Muryar ta yi wata dariya marar daɗi.

“Saura ɗigo ɗaya. Ranar shafe ya fantsama a idonta na dama, yana nan ciki. Shi ma nawa ne.”

Yatsun Sanatu suka tashi da kansu suka nufi idon. Malam ya damƙe wuyan hannunta, yana karatu da ƙarfi, amma ƙarfin tsoho ya fara ƙarewa, farcen ya riga ya tsaga fatar ido. Zenabu ta faɗi tana kuka. Alidu ya rarrafo ya shimfiɗa hannunsa na dama a ƙasa.

“Mma, wannan ne ya riƙe guduma. Ki ɗauka, ki bar mini idon yarinya.”

“Ka san abin da kake bayarwa?” Malam ya tambaye shi. “Da shi kake ci.”

“Na sani, Malam.”

Dutse guda ya faɗo, mafi girma a cikinsu, ya sauka a kan hannun. An ji karyewar ƙashi har waje. Sanatu ta yi atishawa sau uku, ta sulale, ta ce, “Mma, ƙishirwa.”

Da hannun hagu Alidu ya kankare bangon, matarsa da maƙwabta suna tayawa. Ya hau mota da buhunsa, ya yi sallar Idi a hanya, ya isa kafin a yanka layya. A gaban mai goyo ya yi sallama, ya zazzage garin a bayanta.

Hannun bai sake miƙewa ba, bai kuma sake ɗora bulo ba. Gidansa ne kaɗai a layin da ke zaune da jan bango, ba ya yarda a shafa masa komai. Duk magariba Sanatu kan kawo buta ta durƙusa gabansa, ta ware masa yatsun ɗaya bayan ɗaya ta wanke. Shi kuwa ba ya kallon hannun, idonta yake kallo.