Garin Mata Talatin

A rana tsaka aka watso kayan Rakhil waje, tana durƙushe a ƙofar majami'ar da ba a ko rufe samanta ba. Wata uku ke nan da bangon matoyar bulo ya danne mijinta ya rasu, yau kuma ga sunan ɓarauniya!

Tun da Fasto Inayat ya zo ƙauyen nan na Panjab kafa majami'a, kowace mace in za ta yi gurasa sai ta ware gari cikin tafi ɗaya, ranar Lahadi a tara don ciyar da magina. A ɗakin Rakhil ake ajiye buhun, shi ne aka wayi gari babu. Gulzar, yayan mijinta, wanda ya daɗe yana haɗiyar yawu a kan ɗakin, ya rantse ya gan ta da idonsa tana fita da shi. Ya kore ta, ya riƙe 'yarta Shamim, wai ɓarauniya ba ta tarbiyya.

"Yaya, ɗauki ɗakin, ka bar mini yarinyar," ta ce. Ko kallonta bai yi ba.

Allah sarki... Matan da ta yi wa wankan jego suka daina amsa gaisuwarta. Fasto ma ya hana ta jibin Ubangiji, gurasar ibada da ake rabawa a majami'a. Ta koma kwana a rumfar jakuna, tana leƙen 'yarta ta katanga, tana kuka tana roƙon Mai Sama ya duba ta.

Ranar Lahadi ta uku, ana cikin waƙa, sai ga Rafik mai tanderu, Musulmin da bai taɓa taka wurin ba, ya dire buhu a gaban jama'a.

"Fasto, ina Gulzar? Ya kawo mini garin nan wai daga gonarsa. Wace gona ce ke haifar alkama da masara da gero a haɗe? Ƙullin ko bangon tanderu ba ya kamawa."

Matan suka tsoma hannu, kowace ta gane niƙan gidanta. Gulzar ya nemi ƙofa, magina suka tare. A ranar dattawa suka fitar da shi daga ɗakin da ma ƙauyen.

Fasto ya sunkuya yana neman gafara, hawaye na zuba. Rakhil ba ta ma ji shi ba, ta riga ta rungume Shamim.

"Inna, da ma na ce musu ba ke ba ce," in ji yarinyar, "duka suka yi mini."