Simos a Kan Murhun Gas

Hayaƙi ne ya haɗa su. Da yammacin wata Asabar Marnie ta zuba mashmalo, wata farar alewa mai laushi, a oben, ta zauna ta lula duniyar tunani, ba ta farga ba sai da ƙararrawar gobara ta cika benen da ihu. Tana buɗe ƙofa ta ga wani dogon saurayi tsaye ba ko takalmi, sabon maƙwabcin da ya tare a ɗakin da ke kallon nata.

"Simos nake yi," ta ce, kamar mai neman gafara.

Ya leƙa farantin hannunta. "Wannan ai gawayi ne, baiwar Allah."

Sai ta fashe da kuka. Dell, don haka sunansa yake, bai tambaye ta dalili ba. Ya buɗe tagogi, ya kashe ƙararrawa, ya kunna murhun gas. Ya soke mashmalo ɗaya da cokali mai yatsu, yana juya shi a hankali saman harshen wuta har ya yi ja, sannan ya matse shi da cakulan tsakanin biskit biyu ya miƙa mata. Simos ke nan.

Tana ci tana sheshsheƙa ta gaya masa yau ce ranar haihuwar yayanta Tobin. Tun suna yara, duk wannan rana sai sun hura wuta a bayan gida sun gasa simos. Wutar daji ta cinye shi a tsaunukan arewacin Idaho yana bakin aikin kashe ta, kuma tun daga ranar mahaifiyarsu ba ta ƙara yarda an ƙyasta ashana a gidanta ba.

Dell ya dubi murhun, ya ce shi ma kashe wutar daji ne aikinsa. Da Marnie ta bi hankali, da a nan ta sallame shi. Sai ta ce ya gasa mata wani.

Daga nan Lahadi ta zama tasu. Su dawo daga coci, su tsaya gaban murhu kafaɗa da kafaɗa, ita kullum nata ya kama da wuta, shi kullum ya karɓa ya cinye ya ba ta nasa. In yana wurin aiki saƙo ne ke yawo tsakaninsu.

"Mai gawayina, kada ki kunna komai sai na dawo. Garin nan ɗaya muke da shi."

"Ɗan kwana-kwana, ka dawo da wuri, in ba haka ba na kunna."

Ranar da ta kai shi gida, mahaifiyarta Lorraine ta tarbe shi da fara'a, har da gasa kaza a murhun lantarki. Ana cikin cin abinci ta tambayi sana'arsa. Da ya faɗa, ta ajiye cokali a hankali, ta dubi 'yarta.

"Na riga na ba wutar nan ɗa ɗaya. Ba zan ƙara mata da mijin 'yata ba."

Ba ta yi faɗa ba, kuma wannan ya fi faɗa ciwo. Sai ta shiga yi wa Marnie zancen Garrett, likitan haƙori mai waƙa a coci, mutumin kirki wanda babban haɗarin aikinsa shi ne yaro ya cije masa yatsa. A walimar coci ta bazara Lorraine ta shirya yadda kujerunsu suka haɗu. Marnie ta zauna don kada ta kunyata uwarta a bainar jama'a, har ta yi dariyar wani zancensa. Ba ta san Dell ya zo yi mata sallama ba, an kira rundunarsu daji. Daga bakin titi ya hango su ya juya. Saƙonsa ne kawai ya iso.

"Na gan ki kina dariya, hankalinki kwance. Mama ta yi gaskiya, irin wannan rayuwar ta dace da ke. Ki yafe mini, Mai gawayi."

Nan take ta rubuta: "Kai nake so, ba kwanciyar hankali ba. Ka kira ni, don Allah."

Can cikin tsaunuka babu sabis. Saƙon ya tafi, amsa ba ta zo ba.

Bazarar nan sama ta yi ja, toka na sauka kan motoci. Marnie ta koma ba ta da aboki sai labarai. In aka ce wani ma'aikaci ya jikkata ba a faɗi suna ba, sai ta bi lambobin ofisoshi tana kira, in an tambaye ta ita wace ce a wurinsa sai ta ajiye wayar. Ta rame har zobe na zamewa daga yatsanta. Tana zuwa gidan uwarta kamar kullum, ta wanke kwanuka, ta amsa abin da aka tambaye ta, ta tafi. Garrett da kansa ya gane, ya janye cikin mutunci.

Sai da ruwan kaka ya sauka wutar ta mutu. Wata Lahadi Marnie ta isa gidan uwarta ta tarar da motar Dell a ƙofa. Ashe Lorraine ce ta je har tashar 'yan kwana-kwana ta bar masa saƙo ya zo. Marnie ta tsaya a bakin kicin, ta gan shi zaune. Ya yi baƙi, ya rame, hannunsa ɗaya naɗe da bandeji.

Lorraine na tambayarsa abin da ba ta taɓa iya tambayar kowa ba. "Tobin ɗina, shi kaɗai ne a lokacin?"

"Ba na wurin, Mama, ba zan yi miki ƙarya ba. Amma na yi aiki da waɗanda suka san shi. Sun ce yana tare da mutanensa har ƙarshe. Ba ma barin namu shi kaɗai."

Tsohuwar ta yi kukan da ta daɗe tana haɗiyewa. Da ta share ido ta hango 'yarta, sai ta ce da Dell, "Na hana ta aurenka don kada ta yi zaman jira. Ga shi ta yi zaman jiran, kuma da ka mutu ko kiranta ba wanda zai yi."

Dell ya miƙe. Ya ce sai da suka sauko gari ya ga saƙonta, kunya ta hana shi kira. Marnie ta doki ƙirjinsa da hannu, sannan ta kifa kanta a wurin da ta doka.

An ɗaura aurensu kafin saukar ƙanƙara, a ƙaramar cocin unguwa, Garrett na cikin mawaƙa. Lorraine ce ta riƙo hannun amarya har gaban fasto. Kafin ta saki, ta kama hannun ango mai tabon ƙuna ta haɗa da na 'yarta.

"In an kira ka, ka tafi aikinka, ɗana. Amma ka dawo mata."

"Zan yi iya ƙoƙarina, Mama."

"Allah ya tsare min ku, ya ba ku zaman lafiya, ya sa ku ga furfurar juna."

Duk cocin ta amsa da amin.