Kujeru Biyu a Layin Ƙarshe

"Waye shi?"

Baba bai ko ɗago ba da ya yi tambayar. Tikitin sinima guda goma ne a gabansa, ya jera su bibbiyu a kan teburin da yake gyaran agogo. Yaya na tsaye a bakin ƙofa riƙe da jakata. Wai caja ta shiga nema.

"Caja a cikin aljihu mai zif, Yaya?"

"Baba za ki amsa wa, ba ni ba."

A sinima nake aiki, ni ce mai sayar da tikiti a taga ta biyu, don haka ganin tikiti a jakata ba wani abu ba ne. Abin da ya tona min asiri shi ne duk na watan Yuli ne, duk ranar Laraba da nake hutu, kuma duk kujeru biyu ne a layin ƙarshe.

"Injiniyan sauti ne a gidan rediyo," na ce. "Ina sonsa, Baba. Yana so ya zo ya gaishe ka."

"Ƙarasa mana," in ji Yaya. "Mijina ya gan ku a bakin titi."

"Ba ya gani. Shekara uku ke nan da ciwo ya tafi da idonsa."

Baba ya cire ɗan gilashin da yake maƙalawa a ido, ya ajiye a hankali.

"Auta, wannan ba so ba ne, tausayi ne. Shekara huɗu na yi ina jinyar mahaifiyarku, na san nauyin abin. Ba zan miƙa ki da hannuna ki ƙare ƙuruciyarki kina riƙe wa wani sanda ba. Kar ya zo."

"Ba jinya yake ba, Baba. Lafiyarsa lau. Ya fi mijin Yaya tashi da wuri."

"Kin ga rashin kunyar ko?" in ji Yaya.

Na ja kujera na zauna. Na riga na yanke cewa ba zan bar ɗakin nan da kalmar tausayi a kaina ba.

"Tunda an fito da su, bari in gaya muku abin da ke cikinsu."

Na ɗauki biyun farko.

Wata takwas Injiniya yana zuwa tagata shi da ƙanwarsa, ita ke raɗa masa abin da ke faruwa a allo. Shi ya sa suke zaɓar nunin sha ɗaya na safe da layin ƙarshe, don kar su dami kowa. Ƙarshen Yuni aka yi mata canjin wurin aiki. Larabar farko ta Yuli na shigo riƙe wa abokiyar aikina taga na awa ɗaya, sai ga shi shi kaɗai da farar sandarsa, ya ce a ba shi biyu.

"Na biyun na wa?" na tambaye shi.

"Na wadda ta fi kowa surutu a ginin nan. Wata takwas ina jin ta tana ba mutane labarin fim tun kafin su shiga."

Fim ɗin faɗa ne, irin wanda ake sakowa don mutane su shigo shan sanyin zaure kawai. Motoci da bindigogi, jarumi ɗaya da ba ya gajiya. Ban taɓa sanin kwatance aiki ba ne sai ranar. "Mota ta fashe... wata ma ta fashe... ya yi tsalle... kai, ban san wa ya bugi wa ba." Injiniya ya yi ta dariya har da riƙe ciki. Da muka fito ya ce fim ɗin ƙara ce zalla ba labari, amma mai kwatancen ta cancanci a sake gwada ta.

"Sai kika koma," in ji Yaya.

"Da gudu ma."

Na biyu na yara ne, zane, labarin wata akuya da ta nace sai ta zama matuƙiyar jirgin sama. Hutun makaranta ya sa zauren ya cika taf, gugguru ko'ina har cikin takalmina. Ranar ce ya tambaye ni kalar sararin da akuyar ta tashi a ciki. Na ce shuɗi. Ya ce wane shuɗin, akwai shuɗi ya fi goma, kar in yi masa rowa. Tun daga nan na fara kallon fim da idon da ban san ina da shi ba.

"Na uku fa?" Baba ne ya tambaya, har yanzu bai dube ni ba.

"Na ban tsoro ne. Nan ne ban tsinana komai ba."

Gaskiya ce. Minti goma da farawa na toshe fuskata da mayafi, ban ƙara buɗewa ba. Shi ya koma ba ni labari. "Yanzu za a buɗe ƙofar nan, kin ji sun ɗauke kiɗan? Ƙirga uku... ga shi nan. Ba komai ba ne, ganye ake murzawa a gaban makirufo." Mutumin da nake ganin ni ke taimakonsa, shi ya fito da ni daga zauren. A bakin ƙofa ya ce, "Mai tikiti, ni fa na daina zuwa don fim." Na ce na sani, ni ma haka.

Hannuna ya tsaya a kan biyun na huɗu. Su ne ban so a taɓa ba.

Labarin soyayya ne, na wani mai kaɗa piyano da ya makance bayan aure. Da na san haka ne da na ce mu shiga wani zauren. A ƙarshen fim ɗin babu magana ko ɗaya. Matar ta tsaya a bakin ƙofa da akwatinta, ta daɗe tana kallon mijin yana kiɗa, sannan ta fita ta ja ƙofar.

"Me ya faru?" Injiniya ya raɗa min.

Na dubi fuskarsa a ɗan hasken allon, zuciyata ta karye. Na ce, "Ta ajiye akwatin. Ta dawo ta zauna kusa da shi."

Sai da aka kunna fitilu, mutane suka watse, sannan ya juyo gare ni.

"Sau ɗaya ƙofar ta yi ƙara," ya ce. "Takun takalminta kuma nisa yake yi, ba matsowa ba. Aikina ke nan, kin manta?"

"Na ga kamar zai yi maka ciwo ne..."

"Likita ya yi min irin wannan. Dangina sun yi min. Shekara uku kowa yana gyara min duniya kafin ya miƙo min ita. Na ɗauka ke ce mutum ɗaya da ba za ta yi ba." Ya miƙe, ya warware sandarsa. "In tausayina kike ji, ki zauna a tagarki. Zan iya kallon fim ni kaɗai."

Na ajiye biyun na huɗu a gaban Baba. Yaya ta ajiye jakar a kan kujera.

"Ka duba na biyar, Baba. Ba a yaga su ba," na ce.

Ni na saye su, fim ɗin barkwanci ne na ƙarshen wata. Na tsaya a bakin zaure har aka rufe ƙofa, ina jiyo dariyar mutane daga ciki, bai zo ba. Kuka na fara yi, sai haushi ya kama ni. Na tari mota sai gidan rediyonsu.

Na same shi a wani ɗan ɗaki mai bango mai laushi, yatsunsa na yawo a kan maɓallai sun fi ɗari, ba ya kuskure ko ɗaya. Tun kafin in yi sallama ya ce, "Takunki ne."

"Ta tafi," na ce. "Ta ɗauki akwatinta ta tafi, ba ta ko waiwayo ba. Fim ɗin ma bai yi kyau ba, an ja shi da yawa. Kuma rigar nan da kake sawa duk Laraba, mai ruwan ƙasa, ba ta yi maka kyau ko kaɗan, tun ranar farko nake son gaya maka."

Murmushi ya suɓuce masa.

"Ƙanwata ce ta saya min."

"To ta cuce ka."

"Zauna, abar ƙaunata. Me kuma kika ɓoye min?"

"Ina sonka, ko da za ka yi ta fushin. Shi ke nan."

Na mayar da tikitin kan tebur, na dubi Baba.

"Na yi masa tausayi sau ɗaya, na ga abin da ya jawo. Na san bambancinsu yanzu."

"Wata ɗaya da fim huɗu ba su isa su koya miki aure ba," in ji Baba. "Na ce kar ya zo."

A nan ne bakina ya riga hankalina.

"Ka tuna abin da Mama ta ce maka a shekararta ta ƙarshe? Ina ɗakin. Cewa ta yi, tun da na kwanta ba ka ƙara yi min musu ba, komai na faɗa sai ka ce to. Ka riga ka binne ni ke nan?"

"Auta!" Yaya ta daka min tsawa.

Baba ya ɗauki gilashinsa ya mayar a ido. Na san na soke shi a inda bai warke ba, kuma na ji zafin hakan har cikin raina. Amma ban janye ba.

"Ka yafe min, Baba. Ba zan gudu ba, ba zan yi komai a ɓoye ba. In ka hana, zan zauna a gidan nan ina jira. Sai dai ba zan ce na daina sonsa ba, don ƙarya ce."

Kwana uku Baba bai yi min magana ba sai amsa gaisuwa. Bai kuma ce kar in fita ba, ni ma ban ɓoye inda za ni ba. Na gaya wa Injiniya komai, ban rage ko harafi ba.

Larabar farko ta Agusta muka shiga wani fim na binciken kisan kai. An kashe fitilu ke nan wani dattijo ya shigo, mai nuna kujera na haska masa hanya, ya zauna a layin da ke gabanmu. Ko a duhu ba zan kasa gane wannan ƙeyar ba.

 Na fara kwatance a hankali, cikin ladabi, kamar mai karanta labarai.

"Lafiya?" in ji Injiniya. "Yau wa aka aiko min?"

"Ba komai. Ga ɗan sandan ya shiga ɗakin girki..."

"Direban ne ya kashe shi."

"Minti ashirin fa da farawa."

"Ji muryarsa. Duk wanda ya yi magana da ɗan sandan an ɗauke shi a ɗaki ɗaya, shi kaɗai aka sake naɗar muryarsa daga baya. Sun canza masa magana don su ɓoye wani abu."

Na manta da Baba, na manta da kowa.

"Wallahi ka cika ɓata wa mutum fim. Kullum sai ka nuna ka fi kowa kunne? Matar ce, ka ga irin kallon da take yi?"

"Ban gani ba."

"To ni na gani, sai ka yi shiru ka saurara."

"Za ki ba ni haƙuri nan da awa ɗaya."

"Allah ya kiyaye."

Haka muka yi ta yi ƙasa-ƙasa har ƙarshe. Direban ne. Ban ba shi haƙurin ba.

Da aka kunna fitilu Baba bai tashi ba. Na zagaya gabansa, sai na ga yana goge ido da bayan hannu.

"Baba..."

"Shekara shida rabon da in ji wannan masifar," ya ce. "Sak muryar mahaifiyarku. Haka take min kafin ta kwanta."

Injiniya ya miƙe da sauri, ya rusuna ta inda ya ji muryar. "Ina wuni, Baba. Ban san kana nan ba... wato na ji takun, ban dai san na wa ba ne."

Baba ya kama hannunsa ya daɗe bai saki ba. Sannan ya juya wuyan hannun, ya duba agogon, irin mai murfin da ake buɗewa a shafa da yatsa.

"Wa yake duba maka wannan?"

"Ba kowa, Baba."

"Ya nuna. Yana baya da minti uku." Ya saki hannun, ya gyara zaman hularsa. "Ka kawo min shi gida ranar Lahadi. Ka taho da manyanka. Kuma ka canza rigar nan, gaskiyarta ce."