Katin Gidan Burodi

Rediyo na ta zuba labarin wasan besbol a falon dattijo Emmett Dubicki lokacin da Sufeto Loretta Wozniak ta iso binciken ƙarar sata da ya kai. Da la'asar ce ta bazara, labule na kaɗawa a hankali, gidan na ƙanshin tsohuwar takarda.

Emmett ya buɗe mata kundinsa. Katunan 'yan wasan Maƙera ne, ƙungiyar garinsu da ta daɗe da rushewa, kowanne cikin ledarsa. Gurbi ɗaya ne babu komai.

"Na Augie Pruitt ne, mai jefa ƙwallo," in ji shi. "Wani gidan burodi ya buga su a 1958. Shekara talatin na yi ina nemansa, ban taɓa jin labarin wani irinsa ba."

"Shi ya fi tsada?"

"Ina! Ga waɗanda suka ninka shi, ba a taɓa su ba."

"Wa ke shigowa nan?"

"Matata Dolores, sai abokina Vernon Halloran, mai gyaran agogo. Duk Lahadi tare muke jin wasa."

Dolores na kicin tana fere dankali.

"Jiya ina coci tun safe har yamma," in ji ta.

"An tashi da azahar, Mama," in ji Sufeto.

Ta ajiye wuƙar. "To, gidan ƙanwata na gudu. Shekara arba'in ina jin ihun tsofaffi biyu a kan ƙwallo, ai na gaji. Da na dawo, shi maigidan yana ta minshari, Vernon kuma ya duƙufa a kan kundin da tabaron aikinsa a ido."

Shagon Vernon cike yake da agogo, kowanne da nasa lokacin. Sufeto ta tsaya cikin ƙarar su kamar mai tafiya a mafarki.

"Baba, kati ya ɓata a gidan abokinka."

"Na ji. Ni ban ko buɗe kundin ba. Wa zai damu da katin da rabinsa 'yan kallo ne?"

"Wa ya gaya maka wanne ne?"

Wani agogo ya buga huɗu, wani ya amsa da tara.

Vernon ya jawo aljihun tebur, ya fito da katin naɗe cikin farin ƙyalle, ya miƙa mata tabaronsa. "Duba bayan kafaɗar ɗan wasan, layi na biyu."

Ta duba. Cikin dishi-dishin taron akwai wata mata da hula ruwan ɗorawa, tana dariya, hannunta a sama.

"Mahaifiyata ce," in ji Vernon. "Ina ɗan shekara bakwai ta rasu, gobara kuma ta cinye hotunanmu. Fuskarta ta ɓace mini sarai. Jiya ina duba katin don kashe lokaci, sai ga ta. Na ji ƙanshin gyaɗar da take saya mini, na ji muryarta. Ban san lokacin da na sa shi aljihu ba."

Ƙofa ta buɗe. Emmett ne, ya biyo sawun Sufeto, kuma ya ji komai.

"Kai tsohon banza! Me ya hana ka tambaya?"

"Da ka ba ni?"

"Da ban ba ka ba," Emmett ya faɗa a hankali. Ya juya ga Sufeto. "Na janye ƙarar."

"Sai dai a ofis, Baba. An riga an buɗe fayil, dole Vernon ya ba da jawabi."

Ta zura katin cikin ledar shaida, ta liƙe bakinta. Vernon ya kulle shago, ya miƙo hannuwa biyu. Ta girgiza kai, ta bar ankwa a ɗamararta, ta buɗe masa ƙofar bayan motarta.

Kafin ta tayar da mota sai ta waiwayo, ta ɗora ledar a cinyarsa.

"Riƙe mini wannan har mu isa. Ba na gudu da mota."