An Juya Faranti a Svartmyr

Shekara goma sha tara ina aiki a jirgin ƙasa na 'yan yawon buɗe ido, wanda ke ratsa dajin arewa daga Yuni zuwa Agusta. Tarago ɗaya ne, mu biyu ne ma'aikatansa. Birger yana tuƙi, ni Majvor ina zuba wa fasinja kofi, ina nuna musu kogi da barewa kamar ni na haife su.

Wata rana a Agusta muna kan hanyar dawowa da yamma, wajen ƙarfe takwas. Rana ta yi ƙasa amma ta ƙi faɗuwa, haka take yi a ƙasarmu a wannan lokaci na shekara. Fasinja sun gaji da ɗaukar hoto, rabinsu na gyangyaɗi. Mun kusa Svartmyr.

Ba wata tashar kirki ba ce. Dakalin katako ne a tsakiyar fadama, da rumfa ɗaya, sai sanda mai faranti rawaya. Mai son jirgi ya tsaya sai ya juya farantin ya fuskanci direba. Duk Agusta mijina Sixten yakan sauka nan da safe da bokiti biyu, ya wuni yana tsinkar 'ya'yan itacen da ke fitowa a fadama, da yamma ya juya faranti mu ɗauke shi.

Bara ma ya juya. Muka tsaya, ba kowa a kan dakali. Da safen mun yi cacar baki a kan rufin ɗaki da ya ƙi gyarawa, kuma halinsa ne in na yi fushi ya ɓuya ya razana ni, wai don in yi dariya. Birger ya ce in leƙa bayan rumfa. Na ƙi. Na san akwai bukkar mafarauta kusa, ya saba kwana a ciki. Na tsaya a bakin ƙofar jirgi, na ɗaga murya da gangan na ce: "Rabu da shi, sauro ya cinye shi. Mu tafi."

Washegari aka sami gawarsa a bayan rumfar, taku goma daga inda na tsaya. Zuciyarsa ce ta buga. Likita ya ce ya daɗe da rai kafin ya cika. Tun daga ranar tambaya ɗaya ke cina, ta hana ni barci: shin ya ji ni? Da wannan baƙar maganar mijina ya tafi?

Ina cikin wannan tunani na ji birki.

"An juya," in ji Birger, a hankali don kada fasinja su ji.

Na leƙa. Farantin na fuskantarmu. Ba mai sauka nan tun bara, ba hanyar mota ko ta ƙafa. Birger ya ce ko iska ce, alhali ko ganye ba ya motsi. Ya ce doka ta sa shi tsayawa, amma ba dokar da ta ce in sauka. Na buɗe ƙofa.

Shiru. Fadama a Agusta, amma ko sauro ɗaya babu.

Sai warin man kwalta da Sixten ke shafawa a wuya don sauro. Sai ƙamshin kofin da yake dafawa a gwangwani. Daga bayan rumfa na ji hannun bokiti yana bugun ƙarfe, kamar an ajiye kaya.

Na sauka.

Taku goma ne, na sani. Na yi goma, na yi ashirin, rumfar ba ta matso ba. Ƙarar injin jirgi na ta yin nisa. Ban waiga ba.

Da na kai, na zagaya.

Yana zaune ya jingina da bango, da jar hularsa. Bokiti biyu cike, amma 'ya'yan sun yi baƙi. Leɓunansa ma haka.

"Kin sauko," ya ce.

Sanyi ya kama ƙafafuna. Sanyin ya hau har gwiwa.

"Sixten, ka ji ni ranar?"

"Na ji ki, Majvor. Na ji ƙofa ta rufe. Na ji kun tashi."

Wayyo ni. Sanyin ya kai ƙugu, ban damu ba. Kuka nake yi, ina ce masa ban sani ba, ban sani ba.

Ya ɗaga hannu, kamar yadda yake yi in na cika surutu.

"Tsaya mana in gaya miki. Da na ji ki ɗin nan, sai..."

Aka fizgi wuyan rigata ta baya.

Babu bango. Babu Sixten. Laka ce har ƙirjina, baƙa, tana ja na ƙasa. Birger na kwance a kan ciyawa yana jan rigata, yana zagina yana kuka. Rumfar tana can baya da nisa, jirgin kuma kamar kwalin ashana. Da ƙyar ya zaro ni, takalmana biyu suka tafi.

Daga baya ya ce yana kallo na wuce rumfar ban ko dube ta ba, na miƙe cikin fadama ina magana ni kaɗai. A makon aka zo aka cire sandar da farantinta, jirgi ba ya tsayawa a nan yanzu.

Kowa ya ce Birger ya ceci raina, kuma gaskiya ne. Na kai wa iyalinsa burodin kirfa, na yi godiya a gaban matarsa. Har yau muna aiki tare, kullum da safe ni nake zuba masa kofi. Amma Allah na gani ban yafe masa ba. Da ya bar ni minti ɗaya kacal, da na ji ƙarshen maganar mijina.